Me Za Ku Zana, 'Ya'yana?

'Ya'yana masu sha'awar zane a nan Tsanyawa, na duba littattafan wasunku, kuma hannu ya fara faɗawa, Allah Ya ƙara basira. Sai dai kusan duk shafin da na buɗe, in ba ɗan ƙwallon Turai ba, to jarumin fim ɗin Indiya ne, an kwafo daga waya. Don horar da hannu babu laifi. Amma wanda ya ɗauki hoton ya riga ya zaɓi inda za a tsaya da inda haske zai sauka, ku sawunsa kawai kuka bi.

Ku nemi abin da za ku iya komawa gobe ku sake ƙare masa kallo. Ga gawo nan a gonakin iyayenku. Sauran itatuwa da damina suke ganye, shi kuwa a lokacin yake kakkaɓe nasa, sai rani ya yi kore shar. Ka zana gawo guda a watan Agusta, yana tsaye fayau a tsakiyar gero, ka dawo masa a Fabrairu, awaki na tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Itace ɗaya, zane biyu, kuma idonka ne ya gano su. Haka kunyoyin gona bayan huɗa: ka tsaya a bakin gona ka ga yadda suke matsewa har su haɗe can nesa. Daga nan ake koyon nuna kusa da nesa a kan takarda. Ga rumbu, ga damman dawa a kan amalanke, ga manyan motocin da ke wucewa a hanyar Kano zuwa Katsina.

Kada ku raina na gida. A 1958, wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun kafa ƙungiya a kan wannan magana. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Turawa ke koyar da su, ɗaliban suka ce dabarar za su karɓa, amma abin zanawa daga gida zai fito. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kuma da shi duniya ta san shi. Mu ma ba mu rasa ba: ga dagi, ga adon bangon tsofaffin gidajen birnin Kano, ga zayyanar allo ta ranar sauka, ga aska takwas a wuyan babbar riga.

Batun zana mai rai kuwa, malamai sun yi magana a kai, kowa ya tambayi malaminsa. Itace da gida da gona dai babu jayayya a kansu. Kuma kada ku zana kowa sai da yardarsa, balle matan mutane. Ladabi ke nan.

Ba sai kun jira fenti mai tsada ba. Da la'asar sakaliya, inuwa ta miƙe, kowa ya ɗauki fensir ko gawayin murhu ya zauna gaban rumbun gidansu, ya fara da shi. Allah Ya yi muku albarka.