Kafin a Kai Yaro Gidan Mari

Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan mutanen Batsari da Safana da ke fara zuwa wurina iyaye ne, yaran sai daga baya ake kawo su. Uba zai zauna ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Likita, yaron nan ya fi ƙarfina. Ina zan kai shi a ɗaure mini shi?" Gidan mari yake nufi, kuma galibi ya riga ya ji sunan wani daga bakin maƙwabci, har kuɗin mota ya fara haɗawa.

Ba na ganin laifin mai wannan tambaya. Wanda ɗansa ya kwance akuyar uwarsa ya sayar, ya fasa rumbu, ya ɗaga wa ƙanensa wuƙa, shi ya san irin daren da yake kwana. Ga kunyar unguwa, ga tsoron da ya fi kowane girma a yankinmu, wato kada yaron ya faɗa hannun mutanen daji ya zama mai kai musu rahoto ko saƙo. Uban da ke cikin wannan hali gani yake gara ƙafar ɗansa a cikin ƙarfe da a ce an tsinci gawarsa. Sai dai aikina ya nuna mini abin da ke dawowa daga waɗannan gidaje, kuma wajibi ne in faɗa.

Mu tuna da 2019. A ƙarshen Satumba 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba abin ya iso jiharmu ta Katsina: a Daura an fito da mutum 67 bayan wasu sun riga sun ɓalle sun gudu, kwana kaɗan bayan haka aka buɗe wani a Ƙofar Durɓi cikin birnin Katsina aka sami ɗaruruwa. Kafin shekarar ta fita, waɗanda aka kuɓutar a faɗin ƙasar sun doshi 1,500, kuma wasunsu sun ba da labarin yunwa da duka da lalata. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna murna cewa ana gyara musu 'ya'ya. An rufe gidajen, amma buƙatar da ta haife su tana nan, shi ya sa har yau ake raɗa wa iyaye cewa akwai wani malami a gari kaza.

An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara goma sha shida. Garinsu na cikin ƙauyukan da suka watse suka dawo cikin Batsari. A gabansa aka harbe wansa. Tun daga ranar bai ƙara barcin kirki ba. Ko ƙarar babur ya ji da dare sai ya zabura. Wani abokin leburanci ya ba shi ƙwayar sa barci, da safe kuma tiramol don ya iya haƙar rogo. Ba a jima ba ya fara ɗauke-ɗauke. Aka kai shi gidan mari ya yi watanni. Da ya dawo, idon sawunsa na da zoben tabo fari fat, gefe ɗaya kuma gyambo ne mai ruwa. Ba ya ɗaga kai, ba ya magana sai an tambaye shi. Mahaifiyarsa ta ce mini, "Da farko mun gode Allah, mun ce ya natsu." Ba a rufa wata biyu ba ya koma shan ƙwaya fiye da da, kuma ya daina cin abincin gidan. Duk tsawon zamansa a can ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani ranar da aka kashe wansa.

Irin yaran nan suna da yawa. Wanda ya san abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum talatin a dare ɗaya, ya san cewa ƙananan yaran da suka tsira a ranar su ne samarin yau. Muna kiran su kangararru, alhali da yawansu firgici ne bai sake su ba.

Abin da iyaye ke kira kangara abubuwa ne daban-daban da suka yi kama a ido. Akwai wanda ƙwaya ta kama jikinsa, ko wiwi, ko sholisho. Akwai wanda ciwon ƙwaƙwalwa ne ke fara bayyana, domin a irin waɗannan shekarun ya fi tasowa: yana jin muryoyi, yana zargin an sa masa guba, yana magana shi kaɗai. Akwai mai farfaɗiya da ake cewa iska ce. Akwai kuma wanda lafiyarsa ƙalau, makaranta ce ta rufe, gona ba ta shiguwa, ba abin yi daga safe har dare. Kowanne da maganinsa, gidan mari kuwa abu ɗaya yake ba su duka. Haɗarin ma ya wuce haka. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin sa barci, idan aka yanke masa rana ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga har ya rasa ransa. Tiramol mai yawa shi ma yana sa jijjiga. A asibiti a hankali muke rage irin waɗannan ƙwayoyi, muna duban majinyaci. A ɗakin da aka cusa mutum arba'in, wa zai lura?

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 na shaye-shaye, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. A Amurka, tun shekarun 1970 aka gwada kai yara gidan yari fursunoni su tsorata su. Da aka bi diddigi, waɗanda aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba komawa ga laifi. Tsoro yana sa yaro ya yi shiru a gabanka, ba ya cire masa abin da ke damunsa.

To me uba zai yi? Matakin farko a duba yaron. A je babban asibitin Batsari ko asibiti mafi kusa, a faɗi gaskiyar abin da yake sha da yawansa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan ya kai ga kwanciya, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba. Da yawa daga cikin yaran ba sa buƙatar kwanciya. Magani da zuwa a kan lokaci sun wadatar, kuma kuɗin bai kai na watanni a gidan mari ba.

Sauran aikin a gida yake, kuma shi ne mai wuya. Yaran da na ga sun miƙe kusan duk suna da babba ɗaya da bai cire rai da su ba. Wani kawu ne, wani kaka ce, wani ubangidan gareji ne. Idan zaman gida ya yi tsami tsakanin uba da ɗa, a mai da shi wurin kawunsa a Dutsin-Ma ko Katsina, yadda iyayenmu ke yi tun da, ya rabu da majalisar da ke ba shi ƙwaya, ya kama walda ko ɗinki ko gyaran waya. A daina ba shi kuɗi a hannu, amma kada a hana shi abinci, kada a kore shi, domin yaron da aka kora a yankinmu mun san wa ke jiran sa. Idan ya yi wata uku ya sake sha, kada a ce aiki ya ɓaci. Haka ciwon yake, a dawo da shi mu ci gaba.

Addu'a da ruƙiya ba su taɓa hana magani aiki ba, kuma malamai da yawa sun turo mini yara da kansu. Tsangayoyinmu masu albarka ba sa ɗaure kowa. Wanda duk ya yanke shawarar kai ɗansa wani wuri ya zauna, ya shiga da ƙafarsa ya ga ɗakin kwana da banɗaki da tukunyar abinci. Ya tambaya ko zai iya zuwa ba tare da sanarwa ba, ya keɓe da ɗansa. Ya tambaya wa ke duba wanda ya kwanta ciwo. Inda aka ce sai bayan wata shida za ka gan shi, ɗauki ɗanka ka juya.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Amma likitocin wannan fanni a duk Nijeriya ba su kai 300 ba. Saboda haka ina roƙon gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana su horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu, su ware rana ɗaya a mako ta ganin irin waɗannan yara. Ina roƙon hakimanmu, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, da limamanmu su ɗauki maganar zuwa majalisa da mumbari. Ku kuma iyaye, don Allah kafin ku haɗa kuɗin motar kai yaro gidan mari, ku fara kawo shi a duba shi.