MAJIGIN KOYAR DA MASU AMOSANIN GAƁOƁI

Dattawa suna tune da zamanin da motar majigi ta kan sauka ƙofar fada da almuru, a kafa farin ƙyalle, a nuna wa jama'a hanyoyin tsabta da tsare lafiya. Yau majigin nan ya shiga aljihu, gama mai wayar hannu yana iya kallon darasin likita yana zaune a zaurensa. Wannan takarda za ta bayyana amfanin irin wannan majigi, watau bidiyo, ga masu amosanin gaɓoɓi mai kumburi.

Wace irin cuta ce?

Ciwon gaɓoɓi iri iri ne. Akwai na tsufa, inda guringuntsi ke cinyewa saboda shekaru da aiki. Wanda mu ke magana a kansa dabam ne. Jikin mutum yana da dakarun da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta, su a ke kira garkuwar jiki. A wannan cuta dakarun ne ke ɓatan kai, su auka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa daga ciki, sai ta kumbura ta yi zafi. Ta fi farawa daga yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare. Da safe mai ita ya kan tashi gaɓoɓinsa a sandare har fiye da rabin sa'a, mace ta kasa ɗaura zane, namiji ya kasa riƙe fartanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da ita, wajen kashi 70 cikin 100 mata ne.

Me ya sa a ke koyarwa da majigi?

Likita ɗaya ne, marasa lafiya da yawa. Mutum ya kan fito daga gabansa ya manta da abin da aka gaya masa. Amma majigi ana maimaita shi har a gane, wanda bai iya karatu ba kuwa bai rasa kome ba, gama gani ya kori ji. Majigin kirki ya kan koyar da abu huɗu.

1. Saurin zuwa asibiti. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Magani ya fi aiki in an fara shi cikin watannin farko, gama ƙashin da cutar ta riga ta ci ba ya komawa.

2. Shan magani bisa ƙa'ida. Wanda likitoci suka fi farawa da shi an rubuta Methotrexate a jikin kwalinsa. Sau ɗaya a mako a ke shansa, ba kullum ba. Shansa kullum yana iya kisa. Ya kan yi mako 6 zuwa 12 kafin a ji daɗinsa, saboda haka kada a ƙosa a bari. Lalle ne a riƙa zuwa awon jini don a duba hanta. Mai ciki ba ta shansa, wadda ke nufin ɗaukar ciki kuma ta gaya wa likita tukuna.

3. Motsa gaɓoɓi. Nan ne majigi ya fi takarda, gama mutum zai ga yadda a ke tsoma hannu cikin ruwan ɗumi, a buɗe shi, a dunƙule sannu sannu. Ran da kumburi ya tashi a huta, ran da ya lafa a motsa.

4. Barin taba. Hayaƙinta yana taimakon cutar, yana kuma rage ƙarfin magani.

Gargaɗi

Ba kowane majigi ne na gaskiya ba. Har yanzu babu maganin da ke tuge cutar nan daga tushe, sai dai mai kwantar da ita har mutum ya koma aikinsa. Saboda haka duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin 'yan kwanaki, kana ya ce a aiko kuɗi, a guje shi. A duba wanda ya shirya majigin: asibiti ne, ko ƙungiyar likitoci, ko ɗan kasuwa?

Haka kuma a yi hankali da ƙwayoyin kemis irin su Prednisolone. Suna lafar da ciwo nan da nan, amma daɗewa ana shansu ba da iznin likita ba yana kawo hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke farat ɗaya, sai likita ya rage masa a hankali.

A ƙarshe, mai ciwon ya kalli majigin tare da iyalinsa, don su gane ba ragwanci ke hana shi aiki ba. Abin da bai gane ba a rubuta masa, ya kai wa likita ran da aka ce ya koma, gama majigi ba ya taɓa gaɓa, ba ya awon jini.