DARASI GA MATASA: IN AN RUFE ƘOFAR FARKO

Darasinmu na yau domin matasa ne, musamman waɗanda suka nemi shiga babbar jami'a aka ce musu babu gurbi. Domin iyaye ne kuma, gama takardar ƙi takan jefa dukan gida cikin baƙin ciki. Yaro ya daina cin abinci, yarinya ta kulle kanta a ɗaki, uba kuwa ya fara lissafin kuɗin da ya kashe. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Amurka, mu ga yadda ɗalibi yakan fara karatu a ƙaramar makaranta, daga baya ya koma jami'ar da ta ƙi shi da fari.

1. Me takardar ƙi take faɗi?

Bari mu dubi jami'ar UCLA da ke Los Anjeles a jihar Kalifoniya. A shekara ta 2023, ɗalibai fiye da 145,000 suka nemi shiga ajin farko a can. Waɗanda aka karɓa ba su kai goma cikin ɗari ba. Ka lura, yawancin waɗanda aka mayar yara ne masu ƙoƙari, waɗansunsu ma su ne na ɗaya a makarantunsu. Kujeru ne suka kasa. Saboda haka takardar tana magana ne a kan yawan masu nema a wannan shekara, da kuma abin da ka nuna kana da shekara goma sha takwas. Ba ta san abin da za ka zama nan da shekara biyu ba.

2. Akwai ƙofa ta biyu

Tun a 1960 jihar Kalifoniya ta tsara karatun gaba da sakandare yadda ɗalibi zai iya farawa a kwalejin al'umma, wato makarantar shekara biyu mai sauƙin kuɗi wadda ƙofarta a buɗe take ga kusan kowa, sa'an nan ya wuce jami'a ya shiga aji na uku. Jihar tana da irin waɗannan kwalejoji 116. A wannan shekara ta 2023, UCLA ta karɓi kusan ɗaya cikin huɗu na masu neman shigowa ta wannan hanya, kuma mafi yawansu daga kwalejojin al'umma na jihar suka fito. Digirin da suke karɓa a ƙarshe daidai yake da na wanda ya shiga tun ajin farko.

Ga abin da Jami'ar Kalifoniya take nema daga mai son shiga aji na uku. Ya kammala kiredit 60 na darussan da jami'ar ta amince da su. Matsakaicin makinsa kada ya gaza 2.4 cikin 4.0 in ɗan jihar ne, ko 2.8 in baƙo ne. Ya ci darussa bakwai na tilas: biyu na rubutun Turanci, ɗaya na lissafi, huɗu kuma daga fannonin adabi da fasaha, nazarin zaman jama'a, da kimiyya. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Wanda yake hangen UCLA ko Berkeley sai ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata yarjejeniya da ake kira TAG. Rassan jami'ar guda shida, wato Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, sukan yi wa ɗalibin kwalejin al'umma alkawarin gurbi in ya cika sharuɗɗansu. UCLA, Berkeley da San Diego ba sa cikin wannan yarjejeniya. Mai hikima yakan riƙe alkawari ɗaya a hannu, sa'an nan ya gwada sa'arsa a manyan.

3. Ba kowace ƙofa ce mai faɗi ba

A nan sai mu faɗi gaskiya, domin kada wani ya gina bege a kan yashi. Jami'ar Harvard takan karɓi masu canjin makaranta 'yan kaɗan ƙwarai, yawanci ƙasa da ashirin a shekara, daga cikin masu nema fiye da dubu. Princeton ta dakatar da karɓarsu gaba ɗaya a wajen 1990, ba ta sake buɗe ƙofar ba sai 2018. A irin waɗannan wurare ƙofa ta biyu ta fi ta farko ƙunci. Ga ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa kuma, akwai nauyin kuɗi: yana biyan fiye da ɗan jiha, tallafin da ake ba baƙi masu canji kuwa kaɗan ne. Kafin iyali su sayar da gona ko shanu, su zauna su yi lissafin dukan shekaru huɗu.

4. Yadda za ka yi da shekarun jira

Wannan shi ne zuciyar darasin. Masu duba takardun canji sun fi sa ido a kan makin da ka samu a kwaleji fiye da na sakandare. Ashe ke nan makarantar da kake rainawa ita ce take rubuta shaidarka. Ɗalibin da ya zauna a aji jikinsa yana nan, zuciyarsa tana wata jami'a, shi ne yakan yi hasara sau biyu: bai ci a inda yake ba, bai kuma isa inda yake so ba.

Saboda haka, tun zangon farko ka je wurin mai ba ɗalibai shawara, ka tambaya waɗanne darussa ne jami'ar za ta lissafa maka. Da yawa sun ɓata shekara guda a kan darussan da ba a karɓa. Ka zaɓi fanninka da wuri, ka gama darussan share fagensa. Ka san malamanka, su ma su san ka, gama jami'o'i da yawa suna neman wasiƙar malami. Ka riƙe ranakun rufe karɓar takardu. In ka zo rubuta dalilin canjinka, kada ka zagi makarantar da ta riƙe ka. Ka faɗi abin da ka koya a wurinta, da abin da kake bukata wanda babu shi a can. Barack Obama ya yi shekara biyu a kwalejin Occidental kafin ya koma jami'ar Columbia a 1981, ya gama a 1983, kuma yakan ambaci wancan wuri na farko da daraja.

Masu karatunmu da ke neman shiga jami'o'in Nijeriya suna da hanya mai kama da wannan. Wanda ya gama NCE, ko diflomar ND, ko shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana iya nema ta hannun JAMB ya shiga aji na biyu kai tsaye.

Iyaye, ku ma kuna da aiki. Kada ku gwada ɗanku da ɗan maƙwabci. Ku bar shi ya huce, sa'an nan ku zauna tare ku duba hanya. Hausawa sun ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wani ma yakan tarar cewa makarantar da ya shiga a kan dole ita ce ta dace da shi, ya zauna ya gama a can da kyau. Wannan ma nasara ce.

Tambayoyi domin nazari

1. Ilimi nake nema a wannan jami'a, ko sunanta?
2. Wane abu ne a takarduna zan iya gyarawa cikin shekara biyu?
3. Ina yin aminci da karatun da ke gabana yau?
4. Wa zan nemi shawararsa a cikin wannan mako?