Tushen Manhaja: Kadarar Da 'Yan Kasuwa Ke Mantawa Su Karɓa

BAUCHI — Sanin kowa ne cewa babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin fili ko gida a unguwar GRA ta garin Bauchi ba tare da ya karɓi takardar mallaka ba. Amma sau da yawa shi wannan ɗan kasuwa ne zai biya wani matashi ya rubuta masa manhajar lissafin otal, ko ta kantin magani, ko ta karɓar kuɗin makaranta, a ɗora masa a kan kwamfuta, ya ga tana aiki, ya sallami mai aikin, bai tambayi inda tushen manhajar yake ba. Ranar da matashin ya koma Abuja ko Legas, ko aka sami saɓani a kan kuɗi, sai a wayi gari babu mai iya gyara ko da ɗigo a cikinta. Darasin wannan mako ya duba mene ne tushen manhaja, inda ake ajiye shi, da yadda ake ɗauko shi.

Mene ne tushen manhaja?

Tushen manhaja shi ne rubutun umarni da ƙwararre ya yi da hannunsa cikin ɗaya daga harsunan kwamfuta, kamar Java ko Python ko PHP. A wasu harsunan ana sarrafa wannan rubutu ya koma sigar da na'ura ce kaɗai ke fahimta, kuma ita ake miƙa wa mai saye. Idan kuwa manhajar a kan intanet take zaune, mai saye ba ya ganin komai sai fuskar da ke bayyana a allonsa. Ko ta wace hanya, wanda ba shi da tushen yana iya amfani da manhajar, amma ba zai iya sauya ta ba. Matsayinsa tamkar na mai gida ne da ba shi da zanen ginin, bai san inda bututun ruwa da wayoyin lantarki suka bi ba.

Rumbun ajiya

Ƙwararru ba sa ajiye tushe a matsayin takarda guda. Suna zuba shi ne a cikin wani rumbu da ke aiki kamar littafin akawu: duk canjin da aka yi sai an shigar da shi tare da sunan wanda ya yi, da rana, da dalili, kuma ana iya komawa ga yadda manhajar take a kowace rana ta baya. Wannan dabara ta daɗe. An fara da SCCS a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1972, RCS ya biyo baya a 1982, sannan CVS, sai Subversion a shekara ta 2000. A watan Afrilu na 2005, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta Git bayan da aka janye musu damar amfani da BitKeeper kyauta. Git ne ya mamaye fagen a yau.

Abin da ya bambanta Git shi ne, duk wanda ya kwafo rumbu yana samun tarihinsa baki ɗaya a kan kwamfutarsa, don haka yana iya ci gaba da aiki ko da layin sadarwa ya yanke. Kamfanoni irin su GitHub da GitLab kuwa masu ba da wurin ajiya ne kawai. An kafa GitHub a 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 ya sanar da cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100.

Matakan ɗauko tushe

Ba dole ba ne ɗan kasuwa ya yi wannan aiki da kansa, amma wajibi ne ya san matakan domin ya iya sa ido.

Na farko, a tabbatar da adireshin rumbun daga shafin masu manhajar na ainihi, ko daga takardar kwangila. Akwai rumbuna masu kama da juna a suna waɗanda wasu suka kwafa suka yi wa ƙari.

Na biyu, a sami izinin shiga. Rumbun da ke buɗe ba ya buƙatar komai, amma na sirri sai da mabuɗi. Tun watan Agusta na 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum wajen irin wannan aiki, sai mabuɗin SSH ko lambar izini ta musamman.

Na uku, a kwafo. Umarnin shi ne "git clone", sai adireshin ya biyo baya. Idan rumbun babba ne kuma ana tattalin kuɗin data, ana iya ƙara "--depth 1" domin a ɗauko sigar ƙarshe kaɗai, sai dai a sani cewa an bar tarihin a baya. Masu amfani da Debian suna da hanyoyi biyu: "apt source" na kawo tushen ƙunshin da aka rarraba, shi kuwa "debcheckout" yana zuwa rumbun da masu kula da ƙunshin ke aiki a ciki.

Na huɗu, a zaɓi siga. Abin da ke kan gaba a rumbu sau da yawa aiki ne da ba a gama gwadawa ba. Umarnin "git tag" na nuna sigogin da aka sa wa hatimi, "git checkout" kuma na komawa ga wadda aka zaɓa. Kowace shigarwa tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 40. Ya kyautu a rubuta ta a takardar karɓar aiki, kamar yadda ake rubuta lambar inji a takardar cinikin mota.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, a sa wani ƙwararre na daban ya harhaɗa manhajar daga wannan tushe a kan sabuwar kwamfuta. Idan ta tashi ta yi aiki daidai da wadda ke kan teburin akawu, to an karɓi kaya cikakku. Idan ta ƙi, akwai abin da aka rage. Bayan haka, "git pull" ne ke kawo sababbin gyare-gyare.

Wuraren yin hattara

A watan Maris na 2024, wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya gano ɓarauniyar ƙofa da aka dasa a sigogi 5.6.0 da 5.6.1 na XZ Utils, wata ƙaramar manhaja da kwamfutocin Linux ke dogara da ita. Rubutun da ke kunna makircin an cusa shi ne a ƙunshin da ake rarrabawa, ba ya cikin rumbun. Wannan ya nuna cewa abin da ke rumbu da abin da aka miƙa wa mai saye suna iya bambanta.

Haka kuma, ba a ajiye mabuɗan asusu a cikin rumbu. A 2016 ɓarayin intanet suka sami irin waɗannan mabuɗai a rumbun sirri na kamfanin Uber, suka kwashe bayanan mutane miliyan 57. A 2018 kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 148 ga jihohin Amurka. Bugu da ƙari, a 2019 GitHub ya taƙaita asusun mazauna Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Saboda haka, kwafi na biyu a kan faifan ajiya cikin ofis ba ɓarnar kuɗi ba ce.

Lissafin riba da asara

Tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024, kuma duk mai biyan hayar manhaja da dala ya ji a jikinsa. Wannan ya ƙara wa manhajoji masu buɗaɗɗen tushe daraja. ERPNext na kamfanin Frappe da ke Indiya, da sigar jama'a ta Odoo na ƙasar Beljiyam, duka suna yin lissafin kaya da ciniki, kuma tushensu na kan GitHub ga mai so. Hatta DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita, kuma Nijeriya ke tattara alƙaluman asibitocinta da ita har da na jihar Bauchi, tushenta a buɗe yake.

Sai dai kyauta a nan ba ta nufin babu kashe kuɗi. Akwai ladan wanda zai girka, da horar da ma'aikata, da kuɗin wuta da na kulawa. Ribar ita ce kuɗin na tafiya ne da naira, ga ƙwararrun gida irin waɗanda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi ke yayewa, kuma idan ɗaya ya gaza ana iya ɗaukar wani. Mai riƙe da tushe yana da ƙarfin ciniki. Wanda ba shi da shi, farashin da aka yanka masa zai biya. Ya kamata kuma a karanta lasisi: a ƙarƙashin GPL, kamfani na iya gyara manhaja don amfanin kansa, amma idan ya rarraba ta ga wasu, wajibi ne ya ba su tushen.

Abin da doka ta tanada

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, ta kuma ɗora haƙƙin tun farko a kan marubucin, sai idan yarjejeniya ta faɗi akasin haka. Miƙa haƙƙin ga wani kuwa ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan biyan kuɗin aiki kaɗai bai isa hujja ba.

Don haka, kafin a biya kason farko, a rubuta abu uku a cikin kwangila: cewa za a buɗe rumbun da sunan kamfanin mai saye, shi ne zai ba ƙwararren izinin shiga, cewa haƙƙin tushen ya koma ga mai saye, da kuma cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an kwafo tushen, an harhaɗa shi, an ga yana aiki a gaban shaida.