Fita Da Ƙananan Yara Shan Iska

Darasi domin Iyayen Ƙasa, da Hakimai, da Malamansu na ƙasar Tambuwal da Kebbe

An rubuta wannan takarda ne domin malami ya karanta ta a zauren uban ƙasa, a saurara, a yi shawara a kanta. Maganar da ke cikinta kuwa ita ce ta fita da ƙananan yara shan iska da yawon ƙafa a gefen gari, da yadda za a tanadar musu wurin yin haka cikin aminci. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan maganar wasa ce, ba ta isa a kawo ta gaban manya ba. To, a yi haƙuri a ji ta har ƙarshe, za a ga akwai rai da lafiya a cikinta.

1. Dalilin wannan magana

A manyan biranen duniya hukuma ta kan keɓe fili, ta dasa itatuwa, ta yi hanyoyin ƙafa da wuraren zama, iyaye su riƙa kai 'ya'yansu can ran hutu. Mu a garuruwanmu ba mu saba da haka ba, don a dā ba mu buƙace shi ba. Yaro ya kan bi ubansa gona, yarinya ta bi yayarta rafi, a yi kiwo, a tsinko magarya da aduwa, a dawo gida da yamma a gajiye. Dajin Allah shi ne filin wasansu, shi ne kuma makarantarsu ta fari.

Yanzu abu uku sun sauya. Na ɗaya, garuruwa sun cika, filayen da ke tsakanin unguwanni an yanka su an gina gidaje da shaguna. Na biyu, daji ya daina zama wurin aminci. Ba sai an gaya muku abin da ɓarayin daji suka yi wa ƙauyukan da ke wajen iyakar Zamfara a shekarun da suka biyo bayan 2020 ba, ku ne aka riƙa kawo wa kukan. Na uku, wayar hannu ta shiga gidaje, har yaro ya wuni zaune yana kallonta.

Sabo da haka yara suka rabu biyu. Waɗansu an tsare su cikin gida ba su motsa jiki. Waɗansu kuwa sun fita ba babba tare da su, su ke nan bakin kwalta, su ke nan bakin ruwa. A shekarar 2022 da kuma 2023 jirgin ruwa ya kife a ƙasar Shagari, maƙwabciyarmu, yara da yawa suka rasu a hanyarsu ta zuwa neman itace. Allah ya ji ƙansu. Tsarewa da saki duka ba su yi ba. Abin da ya dace shi ne a sami wuri kusa, a fita da su da tsari, babba yana gaba babba yana baya.

2. Abin da likitoci suka ce

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da shawara game da yaran da ba su kai shekara 5 ba. Ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na minti 180 kowace rana, watau awa 3, ba a jere ba, a rarrabe cikin yini. Ga mai shekara 3 zuwa 4, minti 60 daga ciki ya zama wasa mai ƙarfi, irin na gudu da tsalle. Ta kuma ce mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 yana zaune gaban waya ko talabijin. Daga shekara 5 zuwa 17 kuwa ana so a sami minti 60 na wasa mai ƙarfi a kowace rana. Irin wannan motsi shi ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, ya sa yaro ya ci abinci da kyau, ya yi barci mai nauyi.

3. Zaɓen wuri

Ba a ce a kai yara nesa ba. Wurare irin su Yankari ta ƙasar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ko Hubbaren Shehu a Sakkwato, tafiyar manyan 'yan makaranta ce. Ƙaramin yaro abin da ya ke so kaɗan ne: inuwa, da yashi, da sarari. Kowane gari, daga Dogon Daji da Sanyinna har Kuci, yana iya samun wannan. Ga sharuɗɗan wurin:

(a) Ya kasance kusa, inda in an yi kira daga can za a ji a gidajen ƙarshen gari.
(b) Ya yi nisa da babbar hanyar mota. Garuruwan da ke bisa hanyar Sakkwato zuwa Jega, kamar Tambuwal kanta, su lura da wannan ƙwarai, kada yara su ƙetare kwalta kafin su isa.
(c) Kada ya kasance bakin gulbi, ko tafki, ko kududdufi, ko inda aka haƙa ƙasar gini.
(d) Kada a ci burtali, ko makiyaya, ko gonar wani, ko gefen maƙabarta. Abin da aka nufa da alheri kada ya zama mafarin rikici tsakanin manomi da makiyayi.
(e) A duba ko akwai tsohuwar rijiya, ko suri, ko juji. Rijiya a rufe, juji a kwashe.

Inda fili ya yi wuya, a nemi izni a yi amfani da filin makaranta ko gefen filin Idi.

4. Aikin uban ƙasa da na malaminsa

Zamanin En'e uban ƙasa shi ke nuna fili da sanda, magana ta ƙare. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da dokar mallakar ƙasa ta 1978, ba da filin karkara ya koma hannun ƙaramar hukuma. Amma fa har gobe uban ƙasa shi ya san asalin kowane fili, shi kuma jama'a su ke ji. Don haka shi zai tara hakimai da masu unguwanni da limamai, a yarda da wuri ɗaya, sa'an nan a rubuta wa ƙaramar hukuma ana neman ta keɓe shi da sunan yaran gari.

Nan aikin malami ya fito. Ya rubuta iyakokin filin gabas da yamma, kudu da arewa, da tsawonsa da faɗinsa, da sunayen shaidu, da ranar da aka yi. Ya ajiye takarda ɗaya a ofishin uban ƙasa, ya aika da ɗaya sakatariya. Filin da ba shi da takarda, ran da manyan da suka san shi suka kau, sai a wayi gari an sa masa tubali.

Bayan haka sai dashe. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya aka kawo shi, yana saurin girma, yana jure fari, shi ya fi dacewa da fara yin inuwa. A haɗa da tsamiya da kuka da gawo domin na baya. A yi dashe in damina ta zauna, a bar kamar taki shida tsakanin itace da itace, a kewaye kowanne da ƙaya sabo da awaki, a riƙa ba shi ruwa a rani biyu na fari. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da aikin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, don haka a tuntuɓi malamin daji game da irin dashe. Yana da kyau a ba kowane yaro itace ɗaya ya zama nasa, malami ya rubuta sunansa a littafi. Yaron da ya shayar da itace ba ya yarda a sare shi.

5. Lokaci, da nisa, da guzuri

Lokaci mafi kyau shi ne da hantsi, ko bayan la'asar, a dawo tun rana ba ta faɗi ba, kafin sauro ya fito. Ran Alhamis makarantun allo suna hutu, ran Asabar na boko, sai kowane gari ya zaɓi wadda ta fi masa. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Sakkwato ya kan wuce awo 40, to a wannan lokaci da safe kaɗai za a fita. Ran da hunturu ya yi ƙura da yawa a bar masu tari da masu asma a gida. Da damina in hadari ya haɗu a koma nan da nan, kada a fake gindin itace, sabo da aradu.

Wajen nisa, a bi ƙarfin mafi ƙanƙanta. Mai shekara 3 ko 4, rabin kilomita zuwa da dawowa ya ishe shi. Mai shekara 6 ko 7 ya iya yin biyu in ana hutawa. Babba ɗaya kada ya riƙe fiye da yara biyar. A ƙidaya su wajen fita, a ƙidaya a can, a ƙidaya a ƙofar gida. 'Yan mata su ma suna da hakki a ciki, dattijuwar unguwa ko malamar makaranta ta fita da su. Kada kuma a manta da almajirai, ɗa na kowa ne.

Guzuri shi ne ruwa mai tsabta isasshe, da ɗan abin taɓawa kamar gyaɗa ko dabino, da takalmi a ƙafar kowa, da waya mai caji a hannun babba. Kafin a fita a sanar da mai unguwa. In akwai ko da ƙishin-ƙishin na ɓarayi, a fasa, ba a gardama a kan wannan.

6. Haɗari huɗu

Ruwa. Gulbin Zamfara da fadamunsa arziki ne ga ƙasar Kebbe, amma ba wurin wasan ƙananan yara ba ne. Yaro ya kan nutse a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, ba kuwa tare da wata ƙara ba. Har wa yau ruwan kwance shi ke kawo tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma cikin dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai maganinta. Kada a ɗauka alamar balaga ce.

Maciji. Kububuwa da kasa su kan kwanta cikin ciyawa da ƙarƙashin dutse. A hana yara sa hannu a rami ko kogon itace. In an yi sari, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da yaron, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba.

Zafi. Yaron da ya yi laushi, bakinsa ya bushe, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In ya kasa sha, ko hankalinsa ya gushe, sai asibiti.

Tsirrai masu dafi. A nuna musu zaƙami, da 'ya'yan bini-da-zugu, da tumfafiya wadda nononta ke ɓata ido. Doka ɗaya ce: ba a kai kome baki sai babba ya gani.

7. Abin da za su koyo

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Mai fita da yara ya riƙa tsayawa yana tambayarsu. Wane itace ne wannan? Don me gawo ke zub da ganye da damina, ya yi kore da rani? In shamuwa ta iso, me manomi ke shirin yi? A nuna musu sawun dabbobi, da gabas da yamma, da amfanin sabara da bagaruwa. A kuma gayyaci wani dattijo ya zauna a inuwa ya ba su tarihin garinsu, kamar yadda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal. Daga nan a sake su su yi langa da carafke da gala-gala har su gaji. Da za a tashi kowa ya tsince ledarsa, kada a bar wuta, kada a karya reshe. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Tambayoyi domin malamai

1. Faɗi abu uku da suka sa yara ba su samun fita kamar dā.
2. A garinku wane wuri ne ya cika sharuɗɗan nan biyar? In babu, wanne ya fi kusa da cikawa?
3. Me za a rubuta cikin takardar keɓe fili, ina kuma za a ajiye ta?
4. Me aka hana yi in maciji ya sari yaro?

Muna roƙon iyayenmu su sa a kawo wannan magana a zaman majalisarsu na gaba, domin a tsai da wuri a shirya ramukan dashe tun damina ba ta faɗi ba. Allah ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.