Filin Shawarwari: Ƙashi Ya Huda Fata a Idon Sawu, Ɗori Ko Tiyata?

Ƙanena ɗan acaɓa ne. Mota ta buge shi a hanyar Dutsin-Ma, idon sawunsa ya dagargaje har ƙashi ya huda fata. An kai shi wurin mai ɗori, an ɗaure da kara da tsumma. Yanzu wurin na fitar da mugunya da wari, ga zazzaɓi. Inna ta hana a kai shi asibiti, wai yanke ƙafar za a yi. Ko tana gyaruwa?

Mai karatu, daga Karofi

Allah ya ba shi lafiya. Irin wannan ƙafa tana gyaruwa, amma mugunya da zazzaɓi na nufin ƙwayoyin cuta sun shiga. Su ne ke ruɓar da nama da ƙashi har a kai ga yankewar da Inna ke tsoro.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a idon sawu: babban ƙashin ƙwauri, siririn da ke gefensa, da wanda suke zaune a kansa. Wani bincike na 1976 ya nuna cewa idan na ƙasan ya goce da milimita ɗaya tak, filin da gaɓar ke ɗaukar nauyi zai ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Hannun mai ɗori ba ya gano irin wannan gocewa, sai hoto.

Daki-daki ake aikin. Da farko likita zai wanke raunin a ɗakin tiyata, ya cire mataccen nama, a yi allurar tetanus da ta kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan a kafa ƙarafa ta waje su riƙe ƙashin, har da masu zobba waɗanda likita Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro a garin Kurgan na Rasha a shekarun 1950. Idan fata ta zaftare, a ɗebo wata daga cinya ko sha-raɓa a rufe. Sai wurin ya tsabtata ake sa farantin ƙarfe da kusoshi a ciki. Idan gaɓar ta lalace ƙwarai, akan manne ƙasusuwan wuri guda. Ba za ta riƙa lanƙwasuwa ba, amma mutum zai taka.

Bayan tiyata akan yi aƙalla sati shida ba a taka ƙafar ba, sannan gashi da motsa jiki na watanni. Taba da ciwon suga na jinkirta haɗewar ƙashi.

Akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Ka nemo dattijon da Inna ke jin nauyinsa ya lallashe ta, ku ɗauke shi yau ɗin nan. Kada ku jira gobe.