Yadda Fashewa Ke Dukan Gini Mai Siffar Ganga

A wannan darasi zan kafa misali da rumbunan hatsi na kankare da ke tashar jiragen ruwa ta Bairut, inda sinadarin amoniyam naitret ya fashe ranar 4 ga Agusta, 2020.

Fashewa kan turo iska mai tsananin matsi, wadda nake kira "igiyar fashewa". Gefen da ke fuskantarta ya fi shan duka, domin idan ta buga ta dawo, matsin ƙaruwa yake. Sannan ta kewaya ginin ta gefe biyu, ta haɗe a baya da ragaggen ƙarfi. A Bairut, rumbunan da ke kusa da fashewar sun rushe, suka tare wa na bayansu, waɗanda suka tsaya a ranar.